Saniyar Halima da Buhun Wake

Litinin, 22 ga Afrilu 1991, da hantsi

Wannan littafin na ajinmu na yaƙi da jahilci ne. Ajin ya watse tun kafin azumi, ga shafuka nan fari fat. Tunda ba ni da wanda zan gaya wa, bari in gaya wa takarda, ita dai ba za ta kai gaba ba.

Mu huɗu muka rage a rugarmu ta gefen Badafi: Baffa Rufa'i uban mijina, da matarsa Inna Dije, da ni Turai, sai Fatima. Mai gidan, wanda ko a takarda kunyar rubuta sunansa nake ji, ya kora garke kudu wajen Doguwa tun da ciyawa ta ƙare. Saniya ɗaya aka bar mana, Wule, mai farin goshi, da maraƙinta.

Wule ta ƙanwata Halima ce, babanmu ya ba ta tun tana maraƙa. Yanzu ta Fatima ce. Fatima ’yar Halima ce, watanta goma, bakwai daga ciki a bayana ta yi su, tun da Halima ta tafi. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, ƙirjina babu ko ɗigo. Kunu kuwa in ba a sa masa madara ba, yarinyar nan tofarwa take yi. Ashe ka ga Wule ce uwar goyo, ni mai ɗauka ce kawai.

Inna tana kiranta Talle, sunan da ake kiran wanda ba shi da uwa. Ni ban taɓa kiranta haka ba, ba kuma zan fara ba.

Rijiyarmu ta ƙafe. Ruwa sai ramin da muka tona a yashin rafi, shi ma tsattsafowa yake yi, sai ka zauna ka jira shi da ƙoƙo. Tulu biyar yake bayarwa a yini. Baffa ya raba: biyu na Wule, biyu na gida, ɗaya na lambu.

Yau na tatsi ludayi takwas. Wancan makon sha biyu ne. Tsoro nake ji.

Laraba, 24 ga Afrilu, bayan azahar

An yi cacar baki a kan lambun Baffa. Lambun bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, a bakin rafi. Masara da wake ya watsa a ciki cunkus, ba don su yi ’ya’ya ba, sai don ya riƙa yankar ganyen yana ba Wule. Masu wucewa har tsayawa suke yi su kalli tsohon da ke yi wa ciyawa ban-ruwa.

Inna ta ce, “Malam, mutane na taimama, kai kana yi wa ganye wanka?”

Ya ce, “Ganyen nan shi ne madarar Talle. Ki bari.”

Ta ce, “To da waken tsiyan nan naka fa? Shi ma madara ne?”

Ya ci gaba da ban-ruwansa. Waken da take nufi waken suya ne. Bara malamin gona ya ba Baffa iri, shi kaɗai ya yarda ya shuka a duk yankin nan. Harawar shanu sun cinye tun kaka. Ƙwayar kuwa Inna ta taɓa ɗora ta a wuta tun safe har la'asar, ta sauke ta kamar tsakuwa, ta ce wannan ba abincin ɗan Adam ba ne. Shi ne Baffa yake soya shi a kasko, ni in daka, a cuɗa da dusa da kanwa a ba Wule. Tana son shi kamar me. Saura rabin buhu a rumbu.

Ni dai ba na sa baki. Suruka ce ni, nawa ido.

Ludayi bakwai.

Juma'a, 26 ga Afrilu, da safe

Maraƙin ya mutu. Mun same shi kwance a turke, bakinsa a buɗe. Gaskiyar da babu mai faɗa ita ce mun riƙa janye shi daga nono da wuri don a rage wa Fatima. Ni ce mai janyewa.

Wule ta ƙi sakin nono. Saniya ba ta bayarwa sai ta ji ɗanta kusa. Baffa ya feɗe maraƙin, ya cusa wa fatar busasshiyar ciyawa, ya ɗinke, ya yi masa ƙafafu da sanda, ya barbaɗa gishiri a bayansa. Muka tsayar da shi a gabanta. Ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta fara lasa. Ina durƙushe a ƙarƙashinta na ji nonon ya sauko a hannuna.

Ban iya ɗaga kai na kalle ta ba. Ta san ƙarya ce ko ba ta sani ba, oho.

Asabar, 27 ga Afrilu, da magariba

Ludayi huɗu. Babu hadari.

Talata, 30 ga Afrilu, da la'asar

Na je Kwanar Dangora sayo kanwa da gishiri. Kunya ta ishe ni, ’yar Fulani ta shiga tasha babu ƙwarya a ka. Direbobin da suka saba shan furata sai tambaya suke yi ko na yi arziki na bar sana'a.

Na biya ta wajen Kyauta. Bahaushiya ce mai baki kamar reza, rumfarta na bayan tasha, da can ƙosai take yi. Yanzu ta koma wani abu da ta koyo a Zariya, wai shi awara, fari kamar cuku, ana soya shi a ci da yaji. Na same ta tana tace wani ƙullu a ƙyalle, wani farin ruwa yana zuba a baho. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Na ce, “Kyauta, ina kika samo madara haka a wannan marrar?”

Ta bushe da dariya. “’Yar Fillo, saniyata a buhu take kwana! Ba ta shan tulu biyu, ba ta harbi.” Ta damtso wake ta nuna mini. Waken Baffa ne sak.

Na ce, “Ana sha?”

Ta ce, “Sosai ma. A Zariya har yara ake ba su da sukari. Jiƙa shi za ki yi ya kwana, ki markaɗa, ki tace. Ki zauna ki ga sauran aikin mana.”

Ban zauna ba. Motar Badafi ta cika, kwandasta yana ta buga ƙofa. Amma ko da babu mota ba na jin zan zauna. Ni da na tashi cikin ƙwarya da maburgi, mai ƙosai ce za ta koya mini madara? Na ce mata Allah ya ba da kasuwa, na tafi. Duk hanya farin ruwan nan nake gani.

Ludayi uku. Fatima ta shanye, ta riƙe ƙoƙon tana leƙa cikinsa.

Alhamis, 2 ga Mayu, da hantsi

Na ɗebi abin da ba nawa ba. Wake ne, tafi biyu kawai. Yana cikin ƙaramar ƙwarya a ƙarƙashin gadona, da ruwan wankana a kansa. Ba zan yi wanka ba, dama wa zai shinshina ni.

Daga bakin Wule na cire, na sani. Amma ai duk ciki ɗaya za shi.

In Inna ta ji za a ba Talle ruwan wake, a ruga, ga saniya a turke, sai ta tara mini jama'a.

Juma'a, 3 ga Mayu, bayan azahar

Alhamdulillahi! Alhamdulillahi!

Da Inna ta tafi rafi jiran ruwa na niƙa a dutse, na tace da gefen mayafina. Ya fito fari tas, har da kumfa. Na zuba a kan ludayi ukun Wule, ƙwarya ta yi rabi. Na ba Fatima sabuwa haka nan, yadda ake ba yaro madara daga saniya zuwa baki. Ta yamutsa fuska da farko, sai yunwa ta ci ƙarfinta, ta sha har cikinta ya yi tim. Rabon da in ga yarinyar nan ta yi gyatsa ta yi barci da rana na manta.

Inna ta dawo ta ga sauran a ƙwarya ta ce, “A'a, yau Wule ta tuna da mu.” Baffa ya yi murmushi ya ce, “Wake ne.” Na sunkuyar da kai don kada dariya ta kuɓuce mini.

Na sake jiƙa wani.

Asabar, 4 ga Mayu, da la'asar

Ta yi amai sau biyu. Haƙori ne. Inna ma ta ce haƙori ne.

Lahadi, 5 ga Mayu, da hantsi

Cikinta ya kumbura, yana ƙugi. Zawo tun asuba, na wanke zani uku da ruwan da ba mu da shi. Na ga duk abin da ke cikinta ya fita, sai na ƙara mata madarar don ta samu ƙarfi. Ta sha, ta dawo da ita.

Haƙori ne. Yara suna yin haka.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan azahar



Da safe Inna ta ɗauki ƙwaryar za ta ba Fatima da kanta. Ta kai hanci, ta tsaya. Ta ɗanɗana, ta tofar.

“Gafi!” in ji ta. “Madarar nan gafin ɗanyen wake take yi!”

Ina tsaye a bakin bukka. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Sai na ga ta wuce ni, ta nufi inda Baffa yake zaune a gindin ɗorawa, ta dangwarar da ƙwaryar a gabansa.

“Shinshina, Malam! Tun yaushe nake faɗa maka? Ka ɗura wa saniya abin da ko wuta ba ta iya masa, ga shi ya fito a nononta. Marainiyar Allah za ka kashe da noman malaman gona!”

Baffa ya shinshina. Ya daɗe da ƙwaryar a hannu. Shekara sittin yana tare da shanu, ya san saniya in ta ci ganye mai ɗaci ana jin ɗacin a nono, don haka bai yi musu ba. Ya ce, “Inna lillahi. Haka ne.”

Aka yanke magana. Ba za a ƙara ba Wule wake ba. Ba za a tatse ta ba kwana uku, har gafin ya fita daga jikinta. Fatima ta koma farin kunu.

Ina nan a tsaye. Ina da baki. Na buɗe shi ma, sai na ji na ce, “Bari in ɗora kunun.”

Na zubar da abin da ke ƙarƙashin gado a bayan ruga, na tura ƙasa a kai.

Talata, 7 ga Mayu, da la'asar

Maɗigar Fatima ta faɗa. Idanunta sun shige ciki. Na goya ta muka tafi ƙaramin asibiti, Inna na biye da mu da sanda.

Malamin asibitin ya ja fatar cikinta ya saki, fatar ta tsaya a tattare. Ya ce ruwan jikinta ne ya ƙare. Ya nuna mana haɗin gishiri da sukari, a tafasasshen ruwa, a riƙa ba ta da cokali kaɗan-kaɗan ba fashi. Sannan ya dube ni ya ce, “Me ta ci?”

Na ce, “Madara.”

“Madara kaɗai?”

Inna ta karɓe, ta ba shi labarin saniya da wake tun daga tushe. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai taɓa jin haka ba, amma sha'anin shanu mu muka fi shi sani. Ya ce da zarar zawon ya tsaya a nema mata abinci mai riƙe jiki, kunu zalla ba zai ɗauke ta ba.

A hanya Inna ta dafa ni ta ce, “Sannu Turai, ko uwar da ta haife ta sai haka.” Da ma marina ta yi.

Alhamis, 9 ga Mayu, da safe

Zawon ya tsaya. An gode Allah.

Na je tatsa yau, kwana uku sun cika. Muka tsayar mata da maraƙin ciyawa, ta kau da kai. Na ja, na ja. Abin da ya fito bai rufe gindin ludayi ba.

Alhamis ɗin dai, da magariba

Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, har iska ta kaɗa. Muka fito da ƙore da tukwane muka jera. Ya wuce Tudun Wada.

Asabar, 11 ga Mayu, da hantsi

Ramin ya koma tulu uku. Na tona har kafaɗata ta shige, yashi ne kawai mai sanyi. Baffa da kansa ya ce a bar lambu. Kwana biyu ya ishe shi, ganyen ya naɗe ya zama toka-toka. Wule ba wake, ba ganye, sai busasshen kara da take juyawa a baki ta yar. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin bukkata.

Baffa ba ya cin abinci. Ana kai masa tuwo, ana ɗauko shi yadda aka kai. Da can in ya idar da sallar walha sai ya ce a miƙo masa Talle, ya ɗora ta a cinya tana jan gemunsa. Yanzu in na gifta da ita sai ya juya fuska. Jiya na ji yana ce wa Inna, “Me zan ce wa uwarta gobe ƙiyama?”

Ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Fatima ba ta kuka sosai yanzu. Na fi son lokacin da take kuka.

Litinin, 13 ga Mayu, da azahar

Wani ɗan tireda da ya fito daga Doguwa ya kawo saƙon mai gidan. Suna can cikin daji, shanu biyu sun faɗi, masu tatsa duk sun ƙafe, ba zai iya koro ko ɗaya ba sai ruwa ya sauka. Ya ce a gaishe da Talle.

Na zaga rugage uku da ƙoƙo. Kowa ya nuna mini turke babu kowa a kai.

Kunu cokali biyar ta sha yau. Awarwaron da ke hannunta ya zame ya faɗi da kansa.

Talata, 14 ga Mayu, da safe

Wule ta kwanta, ta kasa tashi. Sai da muka zura mata itace a ƙarƙashin ciki, mu uku, muka ɗaga ta.

Laraba, 15 ga Mayu, da magariba

Yau Baffa ya fito da buhun daga rumbu ya ajiye a tsakar gida. Ya ce wa Inna ta gaya mini in kai wa matar nan mai awara a Kwana, kada in karɓo komai, shi dai ba ya son ya ƙara ganinsa. Na ɗauka a ka, Fatima a baya.

Kyauta ta hango ni ta fara tsiyarta, “Yau kuma Fillo ce da tallan wake?” Sai na juyo da goyon. Ta daina dariya. Ta ce, “Subhanallahi. Turai, me ya sami ’yar nan?”

Ban shirya faɗa ba. Kwana tara yana cikina kamar dutse, sai ga shi ya fito a bayan tasha, gaban kaskon mai. Na gaya mata duka.

Ta ce, “Tsaya. Da kika tace, sau nawa ya tafasa?”

Na ce, “Wane tafasa? Madarar yaro ai ba a kai ta wuta.”

Ta dafe kai da hannu biyu. “Ɗanye kika ba ta? Ɗanyen wake, Turai? Ko ƙato ya sha ɗanye sai ya kwana a bayan gida! Ba na ce ki zauna ki ga sauran aikin ba?”

Ta ce in zauna, yau kam na zauna. Ta ɗora nata a wuta tana juyawa. Ya taso da kumfa kamar zai zube, ta rage wuta ya kwanta, ya sake tasowa, ya kwanta, har sau uku, sannan ta bar shi yana ɓararraka tsawon abin da za a yi alwala a yi salla a yi lazimi. Ta ce, “Shinshina.” Babu gafi. Ƙamshi ma yake yi kamar na gyaɗa. Ta ce jikanta da shi aka yaye shi, ga shi can yana hana unguwa sakat.

Ta ɗiba a kofi ta fifita, ta miƙo wa Fatima. Na riƙe hannunta. Na kasa. Ni na shanye.

Ta ce, “To ɗauki buhunki ki koma. Saniyarku ba ta da laifi, tsohon nan ba shi da laifi. Ki je ki buɗe bakin nan naki.”

Na dawo da buhun na ɓoye a bayan rumbu. Cikina lafiya lau har yanzu. Gobe nake tsoro.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Na faɗa.

Tun da aka kawo ni gidan nan shekara tara ban taɓa yi wa Baffa doguwar magana ba, daga gaisuwa sai to. Don haka na jira suna zaune tare a gindin ɗorawa, na ja mayafi na rufe fuska, na durƙusa ta gefen Inna, na yi magana da ita don shi ya ji. Na ce gafin da ta ji ba daga Wule ya fito ba, daga hannuna ya fito. Na ce na saci wake, na niƙa, na zuba a madara ɗanye. Na ce da aka ɗora wa Baffa ina tsaye ina ji.

Inna ta miƙe tsaye. “Kwana goma! Kwana goma kina kallonmu, muna hana saniya abinci, tsoho yana hana kansa abinci, ke kina ɗora kunu!” Ta faɗi maganganu da yawa, babu wadda ban cancanta ba.

Baffa ya bari sai da ta gaji. Sannan ya ce, “Dije, ce mata ta maimaita. Saniyar ba ta ba da gafi ba?”

Na ce, “Ba ta bayar ba.”

Ya ce, “Ashe ba ni ba ne.” Ya sake faɗa a hankali, ya sa hannun riga ya share fuska. Ban taɓa ganin haka a wurinsa ba, ko ranar da aka kawo labarin Halima.

Na gaya musu abin da Kyauta ta nuna mini. Inna ta ce in dai tana numfashi ruwan wake ba zai ƙara shiga bakin Talle ba. Baffa ya ce, “To me zai shiga?” Ya nuna inda nake durƙushe. Ya ce, “Ta dafa gobe. Ni zan fara sha. Cikin tsoho da na jariri duk ɗaya ne. In na wuni na kwana lafiya, a ba ta.”

Ya tashi da kansa ya soya wake ya kai wa Wule. Ta shinshina, ta lasa sau biyu, ta kwantar da kai.

Juma'a, 17 ga Mayu, da hantsi

Na dafa. Sau uku ya taso, na ƙara na huɗu don tsoro. Baffa ya yi bisimilla ya shanye ƙoƙo guda, ya ce ai ko sukari ba ya so. Ya ci tuwo kuma.

Inna ba ta yi mini magana. Amma da na dawo daga rafi na ga ludayi a jiƙe, tukunyar kuma ta ragu.

Asabar, 18 ga Mayu, da safe

Baffa lafiya. Inna ta ce ba da hannuna ba, ita za ta ba Fatima. Aka dama a kunu. Cokali uku. Na zauna ina kallon cikin yarinyar nan yana hawa yana sauka har rana ta take.

Asabar ɗin, da la'asar

Kunun bai dawo ba. Cokali bakwai.

Litinin, 20 ga Mayu, da magariba

Ba amai, ba zawo. Yau ta yi kuka sosai da aka janye ƙoƙon, har da harba ƙafa. Baffa ya ce a miƙo masa ita.

Wule ko an ɗaga ta ba ta tsayuwa. Muna sakin itacen take zubewa. Na kai mata ruwa a ƙwarya har bakinta, na zauna ina kore mata ƙuda. Baffa ya zo ya duba idonta, ya duba dasashinta. Na ji yana wasa wuƙa a bayan rumbu.

Laraba, 22 ga Mayu, da hantsi

Halima, yau da ke zan yi magana. Wata takwas ke nan ina cewa kin tafi, kamar wadda ta je kasuwa. Kin rasu. Ga shi na rubuta.

’Yarki ta ƙoshi. Ta sha rabin ƙoƙo da safe, ta kama zanina ta miƙe tsaye, ta faɗi, ta sake kamawa. Na mayar mata da awarwaronta, na ɗaure da zare kafin hannun ya ciko.

Saniyarki kuwa an yanka ta jiya, kafin ta mutu mushe. Ban je wurin ba. Baffa ya ce fari ne ya ci ta, kowa ma haka zai ce, shanu nawa suka faɗi bana. Amma ni na san kwana goman da ta yi ba wake, alhali buhu na rumbu, bakina kuma a rufe. Ita kaɗai ce abin da kika bar wa Fatima. Ranar da ta yi wayo ta tambayi ina saniyar uwarta, ni zan ba ta amsa, ba zan bari wani ya riga ni ba. Ki yafe mini.

Tulun Wule yanzu da shi ake jiƙa wake. Baffa ya ware mudu biyu na iri ya rataye a bukkarsa, ya ce ko an mutu ba za a taɓa ba, ruwa na sauka zai shuka gonar bayan ruga gaba ɗaya. Har yanzu babu hadari. Igiyar Wule tana nan a turke, na kasa kwancewa.

Zan tsaya nan. Inna ce a bakin murhu, tana ƙwala mini kira in zo in duba, wai ya taso sau biyu ne ko sau uku.